Ciwon Zama: Abin da ke Kashe Injin Motar Tafi-da-gidanka

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, Bahaushe bai ɓata lokaci ba ya raɗa mata suna tafi-da-gidanka. Sunan ya yi daɗi a baki, amma in za a bi gaskiya akwai wadda ta fi wayar cancantarsa, wato motar nan da Turawa da Amurkawa ke ƙerawa da gado da madafa da makewayi da firji a cikinta, mutum ya kwashi iyalinsa ya shiga duniya, inda dare ya yi masa nan ne gida. Ita nake son mu duba a yau. Labarin shaƙatawar da ake yi a cikinta na bar wa masu talla. Zancena yana kan abin da ke ƙarƙashin bonet da kuma ƙarƙashin daɓen ɗakin.

Na san mai karatu zai ce, to ina ruwan biri da gada? Mota ce da ba a ganinta a Kano ko Damagaram sai jefi-jefi, in wani Bature ɗan yawon duniya ya ratso. Ruwanmu da ita ya fi yadda ake zato. Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Legas ya san J5, wadda ta yi shekara da shekaru tana jigilar tumatir da tattasai zuwa kudu. To J5 ɗin nan ta Peugeot, da Fiat Ducato, da Citroën C25, uwa ɗaya uba ɗaya suke, a masana'anta guda aka fara ƙera su a 1981, a garin Atessa na ƙasar Italiya. A 1994 J5 ta ba Boxer wuri, ita kuwa Ducato ta riƙe sunanta, kuma a kan ƙashin bayanta ne ake gina mafi yawan motocin tafi-da-gidanka na Turai. Kamfanoni irin su Hymer na Jamus sukan sayo kan motar da injinta da shasinta, sannan su kafa ɗaki a baya. A Amurka, inda Winnebago ta fito da tata ta farko a 1966, abin ya fi girma, domin a can har da masu tsawon bas ɗin safa, wasu da injin fetur na Ford, wasu da injin dizal na Cummins a ɗaure ta baya.

Dangi ɗaya ke nan, amma ajali biyu. A nan gajiya ke kashe J5: a ɗora mata lodin da ya fi ƙarfinta, ta kwana tana gudu, ta juyo babu hutu. A can kuwa hutu ke kashe 'yar'uwarta. Mai ita yakan fita da ita 'yan makonni a lokacin zafi, da sanyi ya kawo kai ya lulluɓe ta ya ajiye har wata biyar ko shida. A Jamus ma akwai lambar mota ta wa'adi, wadda ake rubuta watanni a gefenta, alal misali 04 da 10, ma'ana daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai aka yarda ta hau titi. Kuma ba motoci kaɗan ake magana ba, domin a 2023 waɗanda aka yi wa rajista a Jamus kaɗai sun haura 800,000. Abin da na fahimta daga bibiyar wannan harka shi ne, yawancin matsalolin da ke tsayar da irin wannan mota a gefen hanya, a wurin ajiya aka shuka su.

Dalili kuwa shi ne kowace mota agogo biyu gare ta. Akwai na kilomita da ke gaban direba, akwai kuma kalanda. Littafin da kamfani ke bayarwa yakan ce a canja abu kaza bayan kilomita kaza ko shekara kaza, duk wanda ya riga cika. Direban haya bai damu da kalanda ba, don kilomita ke riga cika masa kullum. Mai tafi-da-gidanka kuwa sai ya dubi agogo ya ga kilomita 30,000 kacal a shekara bakwai, ya ce ai motata sabuwa ce fil. Roba da mai da batir ba su san kilomita ba, kwanaki suke ƙirgawa.

Mu fara da baƙin mai. Duk lokacin da inji ya yi aiki ya huce, tururi kan daskare ya zama ruwa a cikinsa, ya gauraya da dattin ƙuna ya zama tsami mai cin ƙarfe. Motar da ke tafiya mai nisa takan ƙone wannan ruwa idan inji ya kai zafinsa na aiki, wajen digiri 90. Wadda ke ajiye kuwa sai tsamin ya kwanta a kan boris da sauran sassa wata da watanni. Shi ya sa masana ke cewa a yi juye kafin a ajiye mota, ta kwanta da mai mai tsabta, kuma a yi shi kowace shekara ko da ba a je ko'ina ba. A nan ne nake da ja da wata al'ada da mu da su muka yi tarayya a kanta, wato ɗumama mota: a tayar da inji minti goma yana tsaye, a kashe, a ce an kyauta masa. Minti goma bai isa ya ƙone ruwan ba, sai ma ƙara wani, ga batir an zuƙe shi wajen tayarwa ba a mayar masa ba. In za a tayar, a fita da ita a yi tafiyar rabin sa'a ko fiye, birki da giya da taya duk su motsa. In ba hali, barinta ya fi.

Sai bel ɗin nan mai haƙora da makanikai ke kira tayimin bel, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul. Injin Ducato mai lita 2.3, wanda ya cika kasuwar waɗannan motoci, da bel yake aiki, babban wansa mai lita 3.0 kuwa da sarƙa. Bel ɗin yakan tsufa ko mota na tafiya ko tana tsaye, kuma wajen shekara 5 ake so a cire shi. Ba ya gargaɗi. Ran da ya tsinke fistin zai haɗu da bawul, abin da za a kashe wajen gyara ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Makaniki mai hankali in ya buɗe wurin yakan canja famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin gaba ɗaya, tunda wahalar buɗewar guda ce.

Taya ce ta fi ba ni tsoro, don ita idan ta ci amana rai ake rasawa. A cikin robar taya akwai wasu sinadarai masu kare ta daga rana da iska, kuma murzawar da take yi a kan titi ce ke fito da su sama. Tayar da ke tsaye wuri ɗaya, da nauyin ɗaki a kanta, gefenta kan bushe ya tsattsage alhali zanenta na nan raɗau kamar jiya aka sayo. Ido ba ya gane shekarun taya, amma an rubuta su a jikinta. A gefen kowace taya da aka ƙera daga 2000 zuwa yau akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an ƙera ta a mako na 23 na 2018. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani kowace shekara in ta kai 5, a kuma cire ta in ta kai 10 komai kyanta, masu tafi-da-gidanka da yawa kuwa ba sa bari ta wuce 6 ko 7. A watan Satumba na 2012 wata bas da ta ɗauko mutane daga wani bikin kiɗa ta yi hatsari a Surrey ta Ingila, mutum 3 suka mutu, bincike ya nuna tayar gaban da ta fashe ta haura shekara 19. Mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan ta yi ta fafutuka har aka kafa doka a 2021 da ta hana sa tayar da ta wuce shekara 10 a gaban manyan motoci da bas-bas. Mu ma nan ba baƙon labari ba ne. Fashewar taya ce ta jawo hatsarin da ya ci ran minista James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016.

Ba shekaru kaɗai ba, har da dacewa. A Amurka an yi doguwar shari'a a kan wata taya ta Goodyear mai suna G159, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2003. Masu ƙara sun ce don motocin rarraba kaya a cikin gari aka tsara ta, da aka sa ta a manyan motocin tafi-da-gidanka masu gudu na sa'o'i a babbar hanya sai ta riƙa ɗaukar zafi tana ɓarewa. Kamfanin bai yarda tayar na da aibi ba, amma a 2022, bayan matsin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, ya janye kimanin 173,000. A Turai akwai taya ta musamman mai alamar CP a gefe, wadda aka yi don ta jure dogon tsayuwa da nauyi, kuma iskar da ake ba ta a baya kan kai ma'auni 80, fiye da ninki biyu na ƙaramar mota. Mai faci da ya saba da ƙananan motoci in ya tsaya a 40 ya ce ta ƙoshi, ya haɗa mai motar da tayar da za ta riƙa lanƙwasa tana zafi har ta fashe. Kuma da safe ake auna iska, kafin taya ta yi gudu.

Wannan ya kawo mu ga nauyi. Lasisin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya kan kilo 3,500, saboda haka masu ƙira ke matsa komai ya shiga ƙarƙashin wannan adadi, alhali motar ko babu kowa a ciki ta doshi 3,000. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce. A ƙara tukwanen gas biyu, da mutum huɗu, da abinci, da kekuna a rataye a baya, sai ga obalodi ba tare da kowa ya yi niyya ba. Kekunan nan ma sun fi kowa laifi, domin ɗakin ya zarce tayoyin baya da nisa, duk abin da aka rataya a can yakan danne bayan ya kuma ɗage gaba, inda sitiyari da jan motar suke. Maganin abin shi ne sikelin manyan motoci: a hau da lodi cikakke, a auna gaba daban baya daban, a gwada da abin da aka rubuta a farantin ƙarfen da ke jikin motar. Motar haya takan sauke kaya ta dawo wayam, wannan kuwa tun ran da aka ƙera ta ba ta taɓa sauke nata ba, don haka kuloci da sifirin da shokozoba kullum a wahale suke.

Birki ma yana da nasa ciwon zaman. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin kan sauko zuwa wajen 155. A cikin gari ba za a taɓa lura ba. Sai ran da aka zo gangaren duwatsun Alps, irin mashigin Stelvio na Italiya mai tsayin mita 2,757 da kwana 48 a ɓangare guda, direba ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba, mai ya tafasa ya zama tururi, ya taka ya ji fanko. Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a babbar mota ya san abin da nake nufi. Tsohuwar ƙa'idar direbobi tana nan: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki. Man kuwa duk shekara 2 ake zubar da shi. Wajen ajiya kuma kada a bar birkin hannu a ɗaure wata shida, don yakan manne. A sa giya, a kafa waigi.

Man dizal, wanda muke kira man gas, shi ma ba ya son zama. Wanda ake sayarwa a Turai ana gauraya shi da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, kuma wannan gaurayen yana jawo ruwa. A tankin da aka bari rabi, danshi kan taru ya kwanta a ƙasa, wasu ƙwayoyin halitta su yi gida a tsakanin ruwan da man, su zama baƙin yauƙi mai toshe filta. Alamarsa ita ce mota ta tashi lafiya, ta yi tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da an zo hawa ta shaƙe. Shi ya sa ake cika tanki kafin ajiya, kuma filtar mai ta safiya ba ta rabuwa da akwatin matafiyi mai lura. Akwai kuma bambancin man zafi da man sanyi: wanda aka saya a Agusta in ya kwana cikin ƙanƙarar Janairu yakan yi kitse ya ƙi wucewa.

Injinan zamani sun zo da nasu ƙarin. Tun wajen 2009 dokokin Turai suka sa aka riƙa ɗaura wa salansar dizal wani mataci mai kama baƙin hayaƙi. Matacin yana wanke kansa ne ta hanyar ƙone tokar da zafin da ya kai wajen digiri 600, abin da ba ya samuwa sai a doguwar tafiya. Ɗumama mota a tsaye cika shi kawai yake yi. Daga baya aka ƙaro ruwan AdBlue, wanda yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 a cikin tataccen ruwa, dangin takin nan da manomanmu suka sani. Yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri, yana lalacewa in ya daɗe, musamman a zafi, yakan kuma bushe ya zama farin gishiri ya toshe bututunsa. In ya ƙare, kwamfutar motar za ta hana inji tashi ko da lafiyarsa lau. Waɗannan na'urori an yi su ne don man da sinadarin kibiritu a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Afirka ta Yamma an daɗe ana sayar da wanda ya ninka haka sau ɗaruruwa, sai a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince a sauko zuwa 50. Wannan ne ya sa Turawan da ke keta nahiyarmu da gidajensu a baya suka fi son tsofaffin injina marasa kwamfuta, irin waɗanda kowane gareji a Agadas ko Maraɗi zai iya kwancewa ya ɗaura.

Batir kashi biyu ne a wannan mota, na tayar da inji da na ɗaki, kuma rikita su na cikin abin da ke ɓata wa masu gyara lokaci. Ƙaramar na'urar auna wuta ta isa ta raba gardama. Batir mai ruwa da ya huta, in ya cika zai nuna 12.6 ko 12.7, in ya nuna 12.2 ya kai rabi. In ya sauka ƙasa da 12 aka bar shi haka makonni, farantansa kan yi ɓawon da caji ba ya cirewa. Idan inji na aiki ya kamata a ga wajen 14, alamar altaneta na bayarwa. Sai dai sababbin motoci na da altaneta mai rage wuta da kanta don tsimin mai, wadda ba ta cika batirin ɗaki yadda ya kamata sai an sa wata na'urar caji a tsakani. Mutum zai yi ta sayen sabon batir yana zagin kamfani, alhali batirin yunwa ce ke damunsa. Masu batirin litiyam kuma su kiyaye, ba a yi masa caji in sanyi ya kai sifiri.

To idan matsala ta auku fa? A nan ne nake ganin ake asarar kuɗi mafi yawa, a can da nan. Na taɓa kasancewa cikin irin wannan mota da wani abokina ya yi haya a kudancin Jamus. Muna tsakiyar hawa sai fitilar inji ta kama, mota ta ƙi wuce gudun keke, abin da ake kira ɗingishi, wato kwamfuta ta rage ƙarfi da gangan don ta kare inji. A garejin farko aka jona na'ura, ta fito da lamba P0299, wadda ke nufin iskar da tabo ke turawa ta gaza. Nan take aka yanke hukunci: sai sabon tabo, a jira kwana uku. Abokina bai gamsu ba, muka lallaɓa zuwa wani ƙaramin gareji, inda wani dattijo ya haska tocila ya bi bututun roba da hannu ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga wanda ya tsage ta ƙasa, da baƙin mai a bakin tsagar. Kafin mu gama shan shayi an ɗaura sabo. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, iska ta gaza ɗin. Amma ita alama take faɗa, gano cuta aikin mutum ne. Tun 1996 a Amurka, da farkon shekarun 2000 a Turai, doka ta sa kowace mota ta zo da wannan kafar bincike, kuma tun daga nan aka sami masu gyaran da ke canja duk abin da lamba ta ambata.

Tsarin da na yarda da shi tsoho ne. A fara da tambayar me ya canja: an sha mai a wani sabon wuri, an yi gyara kwanan nan, ko yanzu aka fito da ita daga ajiya? Sannan a bi daga mai araha zuwa mai tsada, fiyus kafin kwamfuta, kan batir da wayar da ke haɗa inji da shasi kafin a zargi kik, filta kafin famfo da nozil. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas inji bai juya ba, wuta ce. In yana juyawa da ƙarfi bai kama ba, a nemi mai ko iskar da ta shiga bututunsa. Hayaƙi ma yana magana. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi na nufin inji na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, sai a tuhumi gaskit. Idan allurar zafi ta hau a kan tudu, a kashe na'urar sanyi, a kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi, a nemi wurin tsayawa, kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Wani abin kuma ba a littafi yake ba: a Jamus akwai wata 'yar dabba mai kama da tunku da ke shiga ƙarƙashin bonet tana tauna waya da bututu, kamfanonin inshora na biyan diyyar ɓarnarta fiye da sau 200,000 a shekara. Aikin da ɓera ke yi mana ke nan a motar da ta daɗe a rumfa.

Ɓangaren ɗaki ba zan daɗe a kansa ba, sai abin da ke iya kisa. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta zuba ƙasa take kwanciya, shi ya sa ake huda ramuka a daɓen akwatin tukwanen. Wanda ya toshe su don sanyi ko ƙura ya kwana a kan bam. Ruwan sabulu ake shafa wa mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, ba ashana ba, kuma a Jamus tun daga 2025 gwajin gas duk shekara 2 ya zama tilas a doka. Hayaƙin janareta da na hita kuwa ba sai na yi wa ɗan Nijeriya bayaninsa ba, mun sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Ba shi da launi ba shi da wari, ɗakin kuma ƙarami ne, don haka ƙararrawar da ke gano shi ta fi talabijin ɗin da ke ciki muhimmanci. Shi kansa janaretan, kamfanin Onan da ya fi yi wa motocin Amurka ya ce a kunna shi sa'a 2 kowane wata da rabin lodi, in ba haka ba fetur ya bushe ya yi danƙo a kafireto.

Firjin da ke yawancin waɗannan motoci irin firjinmu ne na kananzir na da, ƙirar da wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka fito da ita a 1922. Ba shi da inji, zafi ne ke juya ruwan amoniya a cikin bututu, kuma sai yana tsaye daidai ruwan ke gangarowa. A ajiye mota a karkace a bar shi a kunne, bututun ya toshe, ba kuma ya gyaruwa. Haka ruwan famfo: in ya daskare yakan ƙaru da wajen kashi 9 cikin 100 ya fasa tukunyar ɗumama ruwa, don haka ake tsiyaye komai kafin sanyi. Yoyon rufi kuwa shiru yake aikinsa, ya ruɓar da katakon bango ta ciki shekaru kafin tabo ya bayyana, kuma motoci da yawa da aka kai wa 'yan gwangwan injinsu na tashi da bugu ɗaya.

Na ce ruwanmu da wannan zance ya fi yadda ake zato, kuma ba don J5 kaɗai ba. Je ka sakatariyar ƙananan hukumomi da harabar asibitoci ka ga motocin ɗaukar marasa lafiya da aka ƙaddamar da kiɗa da jawabi, an jera su a rana ana jiran ranar buƙata. Da yawansu dangin Ducato da Sprinter da Hiace ne, kuma duk abin da na lissafa a sama yana cin su a tsaye. Ran da mai naƙuda ta buƙaci a kai ta babban asibiti da tsakar dare, ran nan za a gane batir ya mutu, ko taya ta fashe a kilomita na 20. Wata sa'a guda ta tuƙi a kowane mako, da littafin da ake rubuta kwanan watan juye da na taya, sun isa su hana haka, kuma kuɗinsu bai kai na rumfar bikin ƙaddamarwa ba.

Haka ɗan kasuwar da ya je Kwatano ya ga bas 'yar Turai mai shekara 15 da kilomita 60,000 a agogo. Ko da agogon gaskiya ya faɗa, kada murna ta hana shi lissafi. Ya durƙusa ya karanta lambobi huɗun nan a kowace taya, har da safiya. Ya nemi takardar da ke nuna ran da aka canja tayimin bel, in babu ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba. Ya matsa bututun lagireto ya ji ko sun yi tauri, ya leƙa salansa ya ga ko mai mataci ce da tankin AdBlue, ya tambayi kansa ko makanikin garinsu na da na'urar da za ta karanta ta. Kuɗin taya biyar da bel da famfon ruwa da batir da man birki, ya cire su daga farashi tun kafin a fara ciniki.